Bargar da Ta Koma Ciyar da Gida

Duk wanda ya ziyarci ɗaya daga cikin manyan gidajen karkara na ƙasar Ingila a wannan zamani, watau gidajen nan da masu sarauta da ma'abota dukiya suka giggina a tsakiyar gandayensu ƙarni biyu ko uku da suka shige, galibi kafin ya taka dandamalin gidan kansa sai an bi da shi ta wani gini dabam, mai kusurwa huɗu, mai ƙofa kamar ta birni da agogo a bisanta, inda zai yanki tikiti, ya sha shayi, ya sayi tsaraba. Wannan gini kuwa barga ce, dawaki aka gina wa. Abin lura a cikin al'amarinta shi ne, a zamanin da ita ce ke cin dukiyar gida, da hatsinta da ciyawarta da albashin ma'aikatanta, yau kuwa a wurare da yawa ita ce ke ciyar da gidan, a wasu wuraren ma ita kaɗai ta saura bayan gidan ya zama kufai. Sababin wannan juyin yana cikin fasalin ginin, domin abubuwan da aka tsara saboda lafiyar doki da alfaharin ubangijinsa su ne suka sa ginin ya karɓi kowace irin hidima da aka ɗora masa daga baya.

Mai karatu Bahaushe, wanda ya san matsayin Shamaki a fadar Kano, ba ya bukatar dogon sharhi a kan cewa kula da dawakin sarki muƙami ne na girma. Haka yake a Turai kafin zuwan jirgin ƙasa da mota: da doki ake tafiya, da shi ake yaƙi, da shi ake farauta, shi ke jan karusa, kuma da yawan dawakin mutum da kyansu ake auna darajarsa. A ƙarni na 17 manyan Ingila sun shagala da fannin horar da doki irin na Italiya da Faransa, har William Cavendish, wanda daga baya ya zama Duke na Newcastle, ya gina ɗakin kilisa mai rufi a Bolsover cikin shekarun 1630, ya kuma wallafa littafi a kan wannan fanni a 1658, yana zaman gudun hijira a Antwerp. Sa'an nan sukuwa ta kankama. Dawakin tsere na Ingila, da asalinsu ke komawa ga ingarmu uku da aka kawo daga Gabas, ɗaya daga cikinsu wanda Thomas Darley ya saya a Halab ta ƙasar Sham a 1704, sun kai tsadar da ba a ajiye su a rumfar kara. Dukiya irin wannan dole a yi mata mazauni daidai da ƙimarta.

Faransa ce ta nuna iyakar abin da za a iya yi. Sarki Louis na 14 ya sa Jules Hardouin-Mansart ya gina masa gidajen dawaki biyu a gaban fadar Versailles tsakanin 1679 da 1682, kowannensu ya isa fada a wata ƙasa. Bayansa Louis-Henri, basaraken gidan Condé, ya sa Jean Aubert ya fara ginin bargar Chantilly a 1719, mai tsawon mita 186, wadda aka tanadar wa dawaki 240 da ɗaruruwan karnukan farauta. Girmanta ya kai har jama'a suka ƙaga hikayar cewa wai basaraken ya yi imani zai dawo duniya a siffar doki, shi ya sa ya gyara wa kansa masauki tun da wuri. Manyan Ingila ba su kai wannan israfi ba, amma sun ɗauki darasin cewa barga abin nunawa ce.

A farkon al'amari, a Ingila barga tana jingine da gida, ko tana zaman fiffike guda a farfajiyar gaba. Amma a ƙarni na 18, sa'ad da aka fara ƙyamar wari da hayaniya da hatsarin gobara kusa da ɗakunan baƙi, kuma sabon yayin lambu ya bukaci a share gaban gida ya zama korama da ciyawa da itatuwa har iyakar gani, sai aka janye ta gefe, aka mai da ita gini mai zaman kansa. Daga nan fasalinta ya daidaita: sassa huɗu kewaye da fili, babbar ƙofa guda mai baka wadda karusa za ta shige ba tare da direbanta ya sunkuya ba, da 'yar ƙubba a sama mai ɗauke da agogo da ƙararrawa, waɗanda da su ma'aikatan gandu duka suke sanin lokaci. Masu zanen gini na wannan zamani, mabiya tafarkin Palladio na Italiya, suna da ƙa'idar cewa kowane gini a yi masa ado gwargwadon martabarsa, saboda haka suka keɓe wa barga ginshiƙai mafi kauri da ƙarancin ƙawa, da duwatsu masu kaushi da ke nuna ƙarfi. William Kent ya bi wannan hanya a Houghton cikin shekarun 1730, Roger Morris kuma ya bi ta a Althorp a daidai wannan lokaci, inda ya gina barga da dutse mai ruwan zuma, wadda masana da yawa ke ganin ta fi gidan kansa kwarjini.

Misalin da ya fi cika shi ne na Chatsworth, gidan sarautar Devonshire a lardin Derbyshire. James Paine ya fara ginin a 1758 bisa umarnin Duke na huɗu, a kan tudu a bayan gidan. Kowane ɓangare yana da tsawon ƙafa 190, bene ɗaya a sama, turakun dawaki 80 da maƙera a ƙasa, rumbunan hatsi da ɗakunan kwanan ma'aikata a bisa. A kan ƙofar akwai ginshiƙai huɗu masu ɗamarar dutse, a bisansu an sassaƙa tambarin zuriyar Cavendish, barewa biyu masu girman rai suna riƙe da shi, kuma ƙahonin da ke kansu na gaske ne, aka dasa a jikin dutsen. A Wentworth Woodhouse ta lardin Yorkshire kuwa, John Carr ya gina wa Rockingham, wanda ya riƙe muƙamin firayim minista sau biyu, barga mai ɗaukar dawaki 84, wadda aka fara wajajen 1768. Rockingham ɗin ne mai dokin nan Whistlejacket, wanda George Stubbs ya zana da girmansa na rai wajajen 1762, zanen da yake rataye yanzu a babban gidan zane-zane na ƙasa a Landan.

In an shige ƙofar, sai ado ya ƙare, hikimar aiki ta fara. Kowane doki yana da turkensa, faɗinsa kamar ƙafa shida, an raba shi da maƙwabcinsa da katako mai kauri wanda zai jure harbi, kansa yana fuskantar bango inda komi da ragar ciyawa suke. Daɓen na jan bulo ne mai tauri ko duwatsu, an ɗan karkata shi zuwa baya domin fitsari ya gangara cikin kwata. Tagogi suna can sama, saboda haske ya shiga amma iska mai sanyi kada ta bugi dabba, rufin kuma mai tsawo ne domin zafin numfashi da warin taki su tashi su fita, tun da an gane cewa barga mai cunkoso ita ce mafarin tari da ciwon ido. Ɗakin sirdi da linzami shi ke da murhu, domin damshin Ingila yana sa fata ta yi fumfuna, a nan ne ma yaran barga ke samun ɗumi da hunturu. Ta wata kafa a rufi ake zubo ciyawa daga bene, inda yaran suke kwana kusa da ita, suna jin motsin dabbobin a ƙarƙashinsu, ko da wani zai kamu da ciwon ciki da tsakar dare. A ƙarni na 19 aka ƙara ɗakunan da ake sakin doki ba ɗauri, aka kuma shigo da kayan ƙarfen zubi daga masana'antu. Taƙaitaccen bayani, gini ne mai kaurin bango, mai dogayen ɗakuna marasa tarkace, mai wadatar iska da ruwa da magudana, mai fili a tsakiya da ƙofa guda da ake iya tsarewa.

Mutane da yawa suna zaton jirgin ƙasa ne ya kashe barga, alhali kuwa a zamanin Sarauniya Victoria dawaki ƙaruwa suka yi, domin duk wanda ya sauka a tasha yana bukatar abin da zai kai shi gida. Abin da ya karya ta abubuwa ne da suka zo a jere. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka mai araha ta karya farashin amfanin gona, kuɗin hayar gonaki ya faɗi, shi ne kuwa jijiyar arzikin waɗannan gidaje. A 1894 aka kafa sabon harajin gado. A 1896 doka ta ɗauke sharaɗin da ya wajabta wa mutum tafiya a ƙasa gaban mota, ba a daɗe ba ɗakunan karusa suka zama garejin motoci, direban karusa ya koyi tuƙi ko ya nemi wata sana'a. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, soja suka karɓe dawaki fiye da dubu ɗari cikin makonnin farko, samarin barga kuma suka bi su fagen fama, da yawa daga cikin dabbobin da mutanen ba su komo ba. A Chatsworth dawakin ƙarshe sun fita a 1939. Bayan Yaƙi na Biyu harajin gado ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi, sai rushe gidaje ya zama ruwan dare, har aka ƙiyasta cewa a 1955 ana rushe babban gida guda a kowane kwana biyar.

Tun kafin wannan musiba, an riga an ga alamar abin da barga za ta iya zama. A garin Buxton, inda mutane ke zuwa wankan ruwan ɗumi don neman lafiya, John Carr ya gina wa Duke na biyar na Devonshire barga mai kusurwa takwas cikin shekarun 1780, saboda dawakin baƙi fiye da ɗari, da zagayayyen fili a tsakiya inda ake motsa su. A 1859 aka ba da wani sashe nata ya zama asibitin talakawa, daga baya aka ba da ginin duka, sai Robert Rippon Duke ya rufe filin nan da ƙubba mai faɗin mita 44 wajajen 1880. Asusun jinyar ma'aikatan masaƙun auduga ne ya ɗauki nauyin aikin, saboda haka inda dawakin attajirai suka yi zagaye, nan masaƙa masu ciwon sanyin ƙashi suka riƙa koyon tafiya. Asibitin ya rufe a 2000, Jami'ar Derby ta karɓi ginin ta mai da shi wurin karatu. A Brighton kuma, bargar da William Porden ya gina wa Yarima mai jiran gado tsakanin 1803 da 1808, bisa salon gine-ginen Musulmin Indiya, ta shiga hannun hukumar gari a 1850, ta zama zauren taro da kaɗe-kaɗe a 1867. A 1914 aka jera gadaje a ƙarƙashin ƙubbarta domin jinyar sojojin Indiya da suka ji rauni a Faransa, Musulmi da Hindu da Sikh, da madafai dabam-dabam gwargwadon ƙa'idojin abincinsu. Har yau zauren yana aiki.

Amma babban juyin ya zo ne sa'ad da magada suka gane cewa ba su da mafita sai buɗe gidajensu ga jama'a da kuɗi. Duke na goma na Devonshire ya rasu a 1950, aka ɗora wa ɗansa Andrew harajin kashi 80 ɗin nan, har ya miƙa wa gwamnati gidan Hardwick ɗungurungum da wasu taskokin zane da littattafai a madadin kuɗi. Abin da ya saura dole ya ciyar da kansa. Baƙo kuwa, in ya gama kallon zanen bango da gadajen alfarma, yana son abinci da makewayi da wurin da zai zauna da 'ya'yansa, waɗannan kuma ba a iya cusa su cikin ɗakunan da aka yi wa ado da zinariya ba tare da an ɓata abin da aka zo kallo ba. Barga ce ta ɗauki wannan nauyi, domin an gina ta tun asali saboda shige da fice, da ɗaukar kaya, da wanke daɓe kullum. Uwargidan Andrew, Deborah, ita ta jagoranci mai da bargar Paine wurin cin abinci da kantuna, inda ɗakin karusa ya zama babban ɗakin cin abinci, ta kuma buɗe kantin amfanin gona a 1977 a tsohuwar gonar kiwon dawaki da ke ƙauyen Pilsley. Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, doka kuma ta sauƙaƙa mata karɓar manyan gidaje daga 1937, ta bi wannan tafarki a gidaje da dama, kamar Wimpole da Dunster. A Althorp kuwa, gidan dangin Gimbiya Diana, bayan rasuwarta a 1997, a bargar Morris aka shirya baje kolin tarihin rayuwarta, daga 1998 zuwa 2013, domin nan ne kaɗai wurin da zai ɗauki dubban masu ta'aziyya.

Akwai kuma inda barga ta gaji gidan baki ɗaya. A Clumber aka rushe gidan sarautar Newcastle a 1938, amma aka bar barga da coci, yau kuwa harabar bargar ce cibiyar masu zuwa shaƙatawa a gandun. A Eaton ta lardin Cheshire, a farkon shekarun 1960 iyalin Westminster suka rushe ƙaton gidan da Alfred Waterhouse ya gina, suka bar bargarsa da hasumiyar agogo. Hujjar a bayyane take: gida mai ɗaki ɗari da rufin darma da ke yoyo ba ya jin gyara sai da dukiya mai yawa, barga kuwa ƙarama ce, gininta mai sauƙi, ana iya ɗumama ta, ana iya yanka ta gida-gida a sayar, kowane mai saye ya sami ƙofarsa a tsakar fili. Iyalai da yawa ma da kansu suka kwashe kayansu suka koma inda dawakin kakanninsu suka zauna.

Wannan aiki yana da nasa mushkiloli, waɗanda magina suka sani sarai. Bangon da ya sha fitsarin dabba shekara ɗari da hamsin yana cike da gishiri, wanda ke janyo damshi ya ɓamɓare shafe, musamman in an yi kuskuren shafa siminti a inda aka yi ginin da farar ƙasa. Tagogin da aka ɗaga sama saboda doki ba su dace da mutumin da ke son ya zauna ya hangi waje ba, huda sababbi kuwa yana lalata fuskar ginin. Benen ciyawa gajere ne, daɓen ƙasa a karkace yake. Mafi wuya duka shi ne turakun kansu, domin su ne shaidar abin da ginin yake, kuma su ne ke tare wuri. Dokar tsara gari ta 1947 ta kafa rajistar gine-ginen tarihi, ta 1968 kuma ta wajabta neman izini kafin a taɓa su, sa'an nan baje kolin da gidan tarihi na Victoria da Albert ya shirya a 1974 a kan rushe-rushen gidajen karkara ya farkar da jama'a, har aka kafa ƙungiyar SAVE a shekara mai biye. Daga nan wasu ƙa'idoji suka zaunu a tsakanin masu gyara: a bar filin tsakiya a buɗe, kada a yanyanka shi da shinge; ƙofofin karusa a sa musu gilashi daga ciki a bar ganyayensu na katako; sabon abu a yi shi yadda za a iya cire shi gobe; a kuma bar aƙalla jeri guda na turaku da kominsu, ko da tebur za a sa a tsakaninsu.

Duk da haka akwai hasarar da doka ba ta iya hanawa. Ginshiƙai da tambari da agogo, watau rabon ubangijin gida, kusan kullum suna tsira, domin su ake ɗauka a hoto. Ɗakin kwanan yaran barga, da matakalar katako da suke hawa, da murhun ɗakin sirdi, su ake fara mayarwa ofis ko ma'ajiya, tun da ba wanda ya taɓa ɗaukarsu abin ado. Ta haka tarihin wurin yake karkata, ya zama labarin mai doki kaɗai, alhali kuwa mutane da yawa ne suka tashi tun kafin alfijir suna share taki da goge kofato domin wannan alfahari ya tabbata. Faransawa sun nemi wata mafita ta hanyar mai da dawakin kansu: a 1982 aka buɗe gidan tarihin doki a Chantilly da dabbobi masu rai, a 2003 kuma aka kafa makarantar hawan doki a babbar bargar Versailles, yayin da ƙaramar take ɗauke da makarantar koyon zanen gini. Sai dai wannan hanya tana bukatar aljihun hukuma ko na babban mai taimako, ba kowane gandu ke da shi ba.

Ana iya ganin yadda mas'alar take har yanzu a Wentworth Woodhouse. Bayan Yaƙi na Biyu gwamnati ta haƙa kwal a lambun har kusa da bangon gidan, daga 1949 kuma kwalejin horar da malamai mata na motsa jiki ta yi hayar wurin kusan shekara talatin, ta shigar da bargar Carr cikin hidimarta, daga baya aka bar ta ga ruwan sama da ciyawa. A 2017 wata ƙungiyar amana ta sayi gidan a kan fam miliyan 7, kuma a cikin shirinta bargar na daga cikin wuraren da ake sa ran za su kawo kuɗin da za a riƙe sauran. Masu wannan aiki suna da amana biyu a wuyansu, ta ciyar da gida da ta faɗin gaskiyar tarihi, kuma ba a ce sun yi nasara ba sai in yaron da ya zo cin abinci a wurin zai iya duba bango da daɓe ya gane inda doki ya tsaya, da inda mai yi masa hidima ya kwana.